Jariran da Ban Rubuta Ba

Shekara shida na yi ina karɓar haihuwa a garinmu kafin in tafi Dubai a 2016. Ni kaɗai ce ungozomar asibiti a garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi, kuma da na tafi ba a kawo wata ba. Na daɗe ina kewaye wannan maganar duk lokacin da ake hira da ni, don haka gara in fara da ita.

Garin namu yana can kudancin jiha, a wata ƙaramar hukuma da manya ba sa tuna hanyarta sai zaɓe ya matso. Citta muke nomawa da masara da doya. Musulmi da Kirista kusan kai ɗaya muke, kasuwarmu ɗaya ranar Laraba, makarantar sakandare ɗaya, rijiyar burtsatse biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana hutawa. Samari sun watse birane, garin ya rage mata da yara da tsofaffi, sai magidanta da ke dawowa da damina su yi noma, su koma su bar wa ungozoma aikin wata tara gaba. Asibitinmu ɗaki huɗu ne da baranda. Babban asibiti, inda ake tiyata da ƙarin jini, yana hedkwatar ƙaramar hukuma, kuma tsakaninmu da shi akwai rafi marar gada. Da rani ko riga ba a naɗewa a tsallake shi. A watan Agusta kuwa sai an jira ya ga dama.

A kan teburina na asibiti akwai wani dogon littafi mai baƙin bango, na rubuta haihuwa. Ban taɓa ƙaunar littafin nan ba. Mafi yawan haihuwa a gidaje nake karɓarta, domin matan garinmu ba sa faɗin naƙuda sai abu ya kankama, sannan a aiko in ɗauki jakata in bi ɗan aike. Idan na gama na wanke hannu na ɗauko biro, sai tsohuwar gidan ta harare ni ta ce wanda bai kwana bakwai ba zan kai wa gwamnati? A wurinmu ba a rubuta jariri sai ya sami suna. Musulmi sai ranar suna, Kirista sai an kai shi coci, wani lokacin bayan wata guda ko fiye. Ana ganin rubuta shi kafin nan shisshigi ne, tunda ba a san ko baƙon mai zama ne ba. Ni ma a cikin wannan na tashi, ban ga aibunsa ba. Sai in ce to, bayan suna a zo asibiti a faɗa mini. Wa zai zo? An ci tuwon suna, mai jego tana fama da wanka, miji ya koma gona. Jaririn da ya koma kafin kwana bakwai kuwa ko zancensa ba a tayarwa. Haka shafukan suka zauna fari fat, ni kuma bayana yana ciwo saboda yawan durƙuso. Har 'ya'yan ƙanwata biyu, waɗanda da hannuna na yanke wa cibiya, babu ko ɗaya a cikin littafin.

A garin da ke tsallaken rafi akwai wani ma'aikacin lafiya da na raina. Ko ƙwayar ciwon kai ya bayar sai ya rubuta, jariri kuwa tun bai yi kukan farko ba ya ja masa layi, da suna ko babu. Idan mun haɗu a taron wata-wata nakan tsokane shi in ce ya bar aikin lafiya ya koma akawun kotu. Murmushi kawai yake yi ya ci gaba da rubutunsa.

A Dubai na ci jarrabawar lasisi na sami aiki a ɗakin haihuwa na wani asibiti mai zaman kansa. Na sami gado a wani gidan haya a Al Qusais, mu huɗu a ɗaki. Wadda muka fi shiri da ita Kirista ce daga yankinmu, tana aikin gwajin jini a wani asibitin daban. Da sassafe muke fita mu bi metro, jirgin ƙasan cikin gari, mu dawo da yamma ƙafa ta kumbura, mu dafa abin da ya sawwaƙa mu ci muna zagin zafin garin.

Abin da ya fara ba ni mamaki a wurin aiki shi ne munduwar roba da ake ɗaura wa jariri a hannu kafin a gama goge shi. Lamba ce a jiki, da sunan uwarsa, da mintin da ya faɗo. Ba ruwan kowa da ko yana da suna. A satina na farko na karɓi wata haihuwa mai wuya, na fito ina jin kaina, sai babbar nas ɗinmu ta tare ni a bakin ƙofa da fuska a ɗaure, wai ban cika bayanan kwamfuta ba. Ta ce a wurinta aikin da ba a rubuta ba daidai yake da wanda ba a yi ba. Na ji haushinta sosai. A raina na ce ga wata akawun kotun, har nan ma sun biyo ni. Amma aikin nake so, na koya, har na zama ni ce mai tsawata wa sababbi.

A farkon 2019 Inna ta turo mini saƙon murya. Kiran bidiyo na manhajar da kowa ke amfani da ita a gida ba ya tafiya a Dubai, kuma a garinmu sai an hau dutsen bayan makarantar firamare ake samun sabis, don haka saƙon murya ne hirarmu. Bayan doguwar gaisuwa da labarin awakinta, sai ta ce autarmu, ƙanwar nan tawa, ba ta jin daɗin jikinta kwana biyu, irin rashin jin daɗin nan. Na gane. Ciki na uku. Na tambaya wa ke mata awo, Inna ta ce wane awo, ai tun tafiyata asibitin malami ɗaya ya rage, mai wanke ciwo da ba da ƙwayoyi, kuma ba macen da za ta buɗe masa ciki. Na ƙirga watanni da yatsu, haihuwar ta faɗa ƙarshen Satumba. Watan takwas na cikin kuma zai faɗa daidai lokacin da rafi ke cika. Daga ranar abu ɗaya na sa a gaba, a kawo ungozoma garinmu kafin ƙanwata ta haihu.

'Yan garinmu da ke Dubai ba mu fi shida ba. Babbanmu ɗan kawuna ne, yana aiki a wani sito a Jebel Ali. Shekara guda kafin nan mun haɗu mun sayi gadon haihuwa mun ba masu jigilar kaya na kasuwar Deira suka kai gida, an yi ta turo mana hotuna ana godiya, gadon kuwa yana can cikin ledarsa ba wanda ya kwance. Ɗan kawun nawa ya samo lambar jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, wata Juma'a bayan masallaci muka zauna a wani shagon shayi muka kira shi. Mutumin kirki ne, ya san ni tun ina aiki a ƙarƙashinsa. Ya ce gaskiya ne an ba su sababbin ungozomomi 'yan kaɗan, kuma za a raba su nan da wata biyu, amma da littafin haihuwa ake rabon. Inda aka fi haihuwa nan ake kaiwa.

Na ce ai shi ke nan, ranka ya daɗe, babu garin da ya kai namu haihuwa a yankin.

"Sista," in ji shi, "littafinki ne a gabana yanzu haka. Rubutunki ne. Idan da shi za a bi, garinku kusan ba a haihuwa."

Ɗan kawuna ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na buɗe baki zan yi bayanin al'ada, sai na tuna mutumin ɗan yankin ne, ya san ta kamar yadda na santa. Ya ce idan zan iya kawo wata shaida kafin rabon, zai gabatar, amma bai yi mini alkawari ba.

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ja layuka da biro kamar na wancan baƙin littafin, na ɗora wa Inna aiki. Ta riƙa bi gida-gida da waya, tana ɗaukar muryar matan, da yamma ta ba mijin ƙanwata ya hau dutse ya turo. Ni kuma idan na taso daga aiki in haye gadona in saurara ina rubutawa. Na ɗauka abu ne na sati biyu. Na manta da mutanen da na fito cikinsu. Mace za ta yi dariya ta ce ita ba ta ƙirga 'ya'ya, ai ba kaji ba ne. Wata ta lissafa uku ta tsallake na fari saboda kunya, alhali ni na karɓe shi. Idan an tambayi shekara sai a ce daminar da rafi ya tafi da motar citta, ko bayan rasuwar tsohon mai gari da wata biyu. Waɗanda suka koma kuwa ba wadda ta ambata. Ni nake tuno su, in ce Inna, gidan mai gyaran keke fa akwai tagwaye, ɗaya bai kwana uku ba. Inna ta ce wannan ba za ta tambaya ba, in rubuta da kaina idan na ga dama.

Sati na uku Inna ta gaji. Ta turo mini saƙo mai zafi, ta ce na mai da ita mai ƙidaya da tsufanta, mata sun fara ɓuya idan sun hango ta, wata ma ta ce ko sayar da sunayen 'ya'yansu zan yi wa Larabawa. Na yi kuka ranar, na haushi da na dariya a haɗe. Abokiyar ɗakina ce ta fitar da ni. Ta ce ke, ai fasto yana rubuta duk yaron da aka kawo coci, ki nemi littafinsa. Haka aka yi, ya ba da shi aka ɗauki hotonsa shafi-shafi. Liman ba shi da littafi, amma yana da kai, ya zauna da mijin ƙanwata yana tuno raɗin sunan da ya yi unguwa-unguwa. Kafin wata biyu su cika na cika littafina har na shiga na biyu. Na zauna na duba yawan sunayen. Duk waɗannan ta hannuna suka zo duniya, kuma a wurin hukuma babu su.

Na ɗauki hotunan shafukan na tura, mijin ƙanwata ya kai shagon kwamfuta a hedkwata aka buga, ya miƙa wa jami'in da hannunsa. Bayan kwana goma jami'in ya kira ni da kansa, ina cikin metro ana matse ni ta kowane gefe. Ya ce ya yarda da kowane suna, wasu yaran ma ya san iyayensu. Amma waɗanda ke sama da shi sun ce takardar da aka haɗa bayan shekaru, babu hatimi babu sa hannun lokacin, ba rajista ba ce, kuma idan aka karɓi tamu kowane gari zai zauna ya tsara tasa. An gama rabon. Na tambaya ina aka kai ta yankinmu. Garin tsallaken rafi, garin akawun kotu.

Na so in yi masa rashin kunya, amma me ya yi mini? Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a kan benci har jirgi uku suka wuce. Da na gaya wa ɗan kawuna, cewa ya yi, "Khalas, shi ke nan, 'yar uwa, kin yi iya yinki, sai addu'a." Ban so jin haka ba, domin na san iya yina ya wuce tun shekarun da biro yake hannuna a gida.

Sai na koma ga dabara ta biyu. Na nemi hutuna na shekara aka sa mini shi a tsakiyar Satumba, na sayi tikiti. Sannan na sa ƙanwata ta hau dutse na kira ta da katin waya, na ce tun kafin ruwa ya yi ƙarfi ta tattara ta koma hedkwata gidan gwaggonmu, ta riƙa zuwa awo, ta zauna can har ta sauka. Ta ce wa za ta bar wa yara biyu da gonar citta ana tsakiyar ciran ciyawa? Na ɗaga murya, halin da aka san ni da shi tun muna ƙanana. Na kira ta mai taurin kai, na ce ciki ba wasa ba ne, na jero mata abubuwan da na gani da idona. Ta bar ni na gama tsaf.

"Yaya, biyu na haifa a ɗakin nan lafiya," in ji ta. "Kuma ai kin ce za ki zo."

Na farko da na biyu ina nan, shi ya sa aka yi lafiya, ita kuma ta ɗauka ɗakin ne mai sa'a.

Akwai abu ɗaya da ya fi damuna, kwanciyar jariri. Ungozoma tana gane ta da hannu kawai, cikin minti biyu, ba na'ura ba komai. Idan kai yana ƙasa, sai jira. Idan jaririn ya kwanta a gicciye kuma ya ƙi juyawa, ba zai fito ta hanya ba, sai tiyata, kuma tun da sauran lokaci ake tura mace inda ake yinta. A farkon Agusta na turo wa Inna saƙon murya mai tsawo ina koya mata. Ki kwantar da ita rigingine, ki sa tafin hannu biyu a saman ciki, ki gangaro gefe, ki nemi abu mai tauri mai zagaye kamar gwanda. Washegari amsa ta zo. Inna ta ce ta ji abu mai tauri, kamar ta ƙasa, ko kuwa ta ɗan gefe, ita dai ba ta sani ba, cikin ya yi girma. Na sake sauraron saƙon sau biyar. Na zaɓi in ji ta ƙasa. Da wata mace ce a asibitina aka ba ni wannan amsar, da ban bar ta ta koma gida ba. Amma na gaji da faɗa, kuma na ce a raina saura sati shida in taɓa da hannuna, ko a gicciyen yake ma yana da lokacin juyawa.

Naƙudar ba ta jira Satumba ba. Wata Talata ce a tsakiyar Agusta, ina aikin safe. Ba a shiga ɗakin haihuwa da waya, tawa tana cikin kabad. Da na fito hutun cin abinci na tarar da saƙonni sun taru, duk daga mijin ƙanwata. Na farko yana cewa ruwa ya fashe tun asuba. Na tsakiya yana cewa abin ya ƙi ci gaba. A na ƙarshe yana haki saboda hawan dutse, ya ce Inna ta ce a gaya mini hannu ne ya fito.

Na zauna a ƙasa a ɗakin canza kaya. Na kira shi, Allah ya sa yana kan dutsen bai sauka ba. Na ce kada kowa ya ja, kada a mayar, kada a ba ta jiƙon komai, kada a danna mata ciki, a ɗauke ta yanzu a yi babban asibiti. Ya ce Yaya, kwana biyu ana ruwa, rafi ya shafe har gonakin bakinsa. Na ce ku kai ta bakin rafin ku jira, ko da taku ɗaya ruwan ya ja ku shiga.

Hutuna minti talatin ne. Na wanke fuska na koma ciki, domin akwai wata mata da ta kusa, kuma ni ce a kanta. Na karɓi haihuwarta lafiya, 'ya mace, na ɗaura mata munduwa, na rubuta mintin. Likita biyu ne a kusa, ɗakin tiyata yana ƙarshen baranda a buɗe, jini yana cikin firiji ko ba a nema ba. Ina yi wa matar murmushi ina cewa mabruk, barkarsu ta Larabawa, hankalina yana kan wayar da na mayar kabad. Babbar nas ta lura, ta ja ni gefe, da na faɗa mata sai ta ɗauko wayata da kanta ta sa mini a aljihu, ita da ba ta taɓa karya doka ba.

Daga hantsi har la'asar ta can suna bakin rafi. Inna ta gaya mini daga baya cewa ƙanwata ta yi ta kiran sunana, har ta daina magana gaba ɗaya. Da ruwan ya ɗan ja, maza shida suka ɗora ta a kan ƙyauren ɗaki suka ɗaga sama, suka shiga ruwa yana kai musu ƙirji. A tsallake aka sami motar kaya. Likitan babban asibiti ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ƙanwata ta rayu. Jaririn namiji ne, ya daɗe da rasuwa kafin su isa. Mahaifar ta fashe, dole aka cire ta. Shekarunta ashirin da takwas a lokacin.

An matso mini da hutuna, bayan sati ɗaya na isa gida. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka, na so ma ta zage ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana kwance a ɗakin Inna ta rame, ta ce sannu da hanya Yaya, kin sha tafiya, a kawo miki ruwa. Na duba ɗinkin, na gyara mata kwanciya, na ce ta yafe mini. Ta ce me na yi mata, haka Allah ya rubuta. Wannan haƙurin nata ya fi mini zagi ciwo, har yau.

Kwana biyu da zuwana labari ya zaga cewa Sista ta dawo. Da safe na fito na tarar da mata a zaune a zauren gidanmu da cikkunansu, wasu daga ƙauyukan bayan dutse. Na karɓi makullin asibiti wurin malamin, na share ɗakin haihuwa, na yage ledar gadon da muka aiko. Wata guda cur ina awo daga safe zuwa azahar. Na sami mata biyu da jariransu ba su kwanta daidai ba, na sa mazajensu a gaba har sai da suka tsallakar da su. Na karɓi haihuwa huɗu, kuma kowace na rubuta ta nan take, tsofaffi suna hararata ina harararsu. Ba wanda ya tambaye ni yaushe zan koma. Sun ɗauka na dawo ke nan, ni kuma ban gyara musu ba.

Zan iya jera dalilan da suka sa ban zauna ba. Ina da 'ya'ya biyu a makaranta a birni, ba ni da miji, kuma na riga na ajiye aikin gwamnati, ba a mayar da mutum don ya yi nadama. Duk gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma na saba da ɗakin haihuwa mai wuta da ruwa da likita a kusa, kuma tsoro nake ji in sake tsayawa ni kaɗai a kan mace tana zubar da jini, rafi a cike.

Ranar tafiyata ruwa ya ja, ɗan acaɓa ya zo ya ɗaure akwatina. Na yi sallama da Inna da ƙanwata a cikin gida don kada a taru. Mun kai bakin kasuwa sai wata mata ta tare mu da hannu. Ban santa ba. Daga wani ƙauye mai nisa ta taho da ƙafa tun da safe, ta je asibiti ta tarar a rufe, aka ce mata ga ni can zan wuce. Cikinta ya kai wata bakwai. Na sauka, muka shiga rumfar wata mai sayar da manja, ta shimfiɗa zanenta ta kwanta. Na sa hannu. A gicciye yake. A wata bakwai wannan ba abin tayar da hankali ba ne, yawanci suna juyawa da kansu, abin da ake bukata kawai a sake taɓawa. Na faɗa mata haka, sannan bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa kullum a wurin aiki, na ce ta dawo bayan sati huɗu a duba.

Ta tashi zaune tana gyara ɗaurin zane, ta dube ni, ta dubi akwatin da ke kan babur.

"Wurin wa?" in ji ta.

Na ce ta je tsallaken rafi, akwai ungozoma a can. Ta ce to, irin to ɗin da na san ba za a je ba. Na rubuta lambata a wata takarda na ba ta, ta ƙulle a bakin zane ta yi godiya. Bayan kwana biyu ina Al Qusais ina goge kayan aiki. Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi ƙauyensu ba, kuma ba ta taɓa kira ba.